Dinarin da aka ce na zamanin Umar ɗan Abdul'aziz ne

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan canji ne a Agege, kuma ina da sha'awar tara tsofaffin kuɗi. Wata takwas da suka wuce na sayi wani dinarin zinariya hannun wani ɗan'uwanmu mai sayar da gwal a Yaba, a kan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ya rubuto min ta WhatsApp cewa na zamanin Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ne, bugun shekara ta 99 bayan Hijira, kuma saboda wannan suna na biya kuɗin. Kwanan baya wani malami da ya iya tsohon rubutun Larabci ya duba, ya ce 97 ce a jiki. Na koma wa mutumin, ya ce shi ma haka aka sayar masa a Dubai, in ina so zai karɓa a farashin nauyin gwal kawai. Rasit ɗinsa an buga "kayan da aka saya ba a dawo da su". Ina so in kai shi EFCC, hukumar yaƙi da zambar kuɗi, domin wannan 419 ce ƙarara. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai ka sani cewa a kan abin da ka rubuto kaɗai nake magana. Ban ga dinarin ba, ban ga saƙonnin ba, ban kuma ji ta bakin wancan bawan Allah ba. Idan akwai abin da ka tsallake, amsar na iya sauyawa.

Maganar EFCC, ina ba ka shawara ka ajiye ta gefe tukuna. Laifin damfara, ko a sashe na 419 na kundin laifuffuka ko a dokar zamba ta 2006, yana buƙatar a nuna cewa mutum ya san abin da yake faɗa ƙarya ne, ko bai yarda da gaskiyarsa ba, kuma ya faɗa da niyyar ya cuce ka. Daga labarinka ban ga wannan ba. Dinarin na gaske ne, zinariya ce, na daular Banu Umayya ne, shi kansa malamin naka bai ce jabu ba ne. Abin da ake jayayya a kai kalma ɗaya ce a gefen tsabar. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum kan saɓanin ciniki zalla, kuma an sha ganin wanda ya sa aka kama abokin cinikinsa ya koma shi ake nema da diyya kan tauye haƙƙi. Idan daga baya ka samu hujjar cewa an taɓa gaya masa 97 ce ya ɓoye, wannan wata magana ce daban. A yanzu ba ka da ita.

Bari in ɗan tsaya a kan tsabar kanta, domin rabin shari'ar tana jikinta. Tun da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya sauya fasalin dinari a shekara ta 77 bayan Hijira, aka cire hotuna aka bar rubutu zalla, dinarin Banu Umayya na yau da kullum ba ya ɗauke da sunan halifa. Kalmar shahada ce, da kalmomi daga Ƙulhuwallahu, da shekarar bugu a zagayen gefe, nauyinsa wajen giram 4.25. Saboda haka duk wanda ya ce maka "wannan na wane ne", lissafi ya yi daga shekarar, bai karanta suna ba. Shekarar kuwa da kalmomi ake rubuta ta, a rubutun Kufi, tsohon salon rubutun Larabci marar ɗigo, kuma a wannan rubutu "saba'" (bakwai) da "tisi'" (tara) kusan tagwaye ne. Bambancinsu yana ga wane haƙorin harafi ya fi tsayi da inda ya tsaya. Masu harkar tsofaffin kuɗi sun san wannan tarko, har ƙwararru suna faɗawa ciki idan gefen ya goge. Shekara ta 97 zamanin Sulaiman ɗan Abdulmalik ce. Umar ɗan Abdul'aziz ya hau mulki a watan Safar na 99, ya rasu a 101. Ka lura da abin da wannan ke nufi: ko da 99 ɗin ce, farkon shekarar na Sulaiman ne, babu mai iya rantsuwa a kan wane wata aka buga ta. Lauyan ɗaya ɓangaren, in ya san aikinsa, da wannan zai fara.

Kuma kada ka ɗauki karatun malaminka a matsayin hukuncin ƙarshe. Yana iya yin daidai, na ma fi zaton ya yi. Amma iya karanta Kufi daban, sanin tsabar kuɗi daban, kuma kotu za ta so ra'ayin wanda zai iya bayyana dalilinsa a rubuce ya tsaya a yi masa tambayoyi.

To ina haƙƙinka yake? Yana cikin dokar ciniki. Dokar sayar da kaya ta Jihar Legas, wadda tushenta tsohuwar dokar Ingila ce ta 1893, ta ce idan an sayar da kaya bisa siffantawa, sharaɗi ne kayan su dace da siffar. A nan niyyar mai sayarwa ba ta da muhimmanci, don haka "ni ma haka aka gaya min a Dubai" ba ta wanke shi. Wannan tsakaninsa ne da wanda ya sayar masa. Gaskiya wannan amsa tasa ba ta burge ni ba. Mutum ya ɗora riba a kan sunan halifa lokacin sayarwa, sannan da aka zo mayarwa ya ɗauko sikeli ya ce shi gwal kawai ya sani? Ba a cin riba da suna sannan a gudu daga nauyin sunan.

Sai dai kada ka yi murna da wuri. Ba kowace magana da aka yi a wajen ciniki ke zama sharaɗi ba. Kotu za ta tambaya: ka dogara da maganarsa, ko da idonka da saninka ka saya? Akwai wata shari'a da kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke a 1989, tsakanin kamfanin Harlingdon da wani dillalin zane-zane, Christopher Hull. An sayar da zane a kan fam 6,000 da sunan wata mai zane Bajamushiya, Gabriele Münter, daga baya aka gano jabu ne. Mai saye ya sha ƙasa, saboda dillalin ya faɗa tun farko cewa shi bai san irin waɗannan zane-zane ba, masu sayen kuwa fanninsu ne, sun duba da kansu. Hukuncin Ingila bai ɗaure alƙalan Najeriya ba, amma suna sauraronsa, musamman inda kalmomin dokar iri ɗaya ne. Kai da bakinka ka ce kana tara tsofaffin kuɗi. Shi kuma mai sayar da gwal ne. Idan ya nuna cewa ka fi shi sanin fannin, ka riƙe tsabar ka juya ta ka gamsu, ko ya ce maka "an dai ce na Umar ne, ka duba da kanka", ƙafarka ta yi rauni. Idan kuwa ya rubuta kai tsaye ba tare da "an ce" ba, kuma kai ka amsa da cewa saboda wannan kake saye, to kana da abin riƙewa. Shi ya sa nake so in ga saƙonnin kalma da kalma, har da na murya. Rasit ɗin ma zan so in ga me aka rubuta da hannu a kai: "tsohon dinari" kawai, ko da sunan halifa da shekara.

Abu na biyu da ke damuna shi ne wata takwas ɗin nan. Mutane da yawa suna zaton duk ranar da suka gano kuskure suna iya mayar da kaya su karɓi kuɗinsu cif. Ba haka doka ta tsara ba. Wanda ya riƙe kaya fiye da lokacin da ya kamata bai ce uffan ba, ana ɗaukarsa ya amince da su, kuma daga nan haƙƙin mayarwa na iya faɗuwa ya bar shi da neman diyya kaɗai. A shari'ar Leaf ta 1950 a Ingila, mutum ya sayi zane a kan fam 85 bisa cewa na shahararren mai zane John Constable ne, sai bayan shekara biyar ya gano ba haka ba, kotu ta ce ya makara. Wata takwas ba shekara biyar ba ce, kuma ana iya cewa kuskure irin wannan ba ya fitowa sai gwani ya duba. Amma ba zan yi maka alƙawarin alƙali zai yarda ba. Wa'adin shigar da ƙarar yarjejeniya a Legas shekara shida ne, wannan bai ƙure ba, sai dai shi wa'adin ƙara ne, bai tsawaita maka lokacin mayar da kaya ba.

Akwai kuma tambayar da ba ka taɓo ba: dinarin yana nan yadda ka karɓe shi? Na san halin mutanenmu, ana sayen zinariya sai a kai wa maƙeri ya goga a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, wani ma ya wanke ta ta yi ƙyalli. A wajen masu tara tsofaffin kuɗi, tsabar da aka goge ko aka karce darajarta ta ragu. Mai neman a warware ciniki dole ya iya mayar da kayan kusan yadda ya same su.

Idan aka koma kan diyya, nan ne za ka iya jin ba daɗi. Ma'aunin da aka saba shi ne bambancin darajar abin da aka ce an sayar maka da darajar abin da ka samu. Dinaran waɗannan shekaru, 97 da 99, duka suna cikin waɗanda ake samu a kasuwar duniya, ba irin na shekara ta 77 ba da ake rububinsa. Wasu masu saye suna ƙara kuɗi don ƙaunar Umar ɗan Abdul'aziz, amma tazarar na iya zama ƙasa da yadda kake zato sosai. Ƙaunar da kake wa sunan gaskiya ce, sai dai kotu farashin kasuwa take aunawa. Haka nan idan ka biya fiye da kima tun farko, diyya ba lallai ta dawo maka da wannan rarar ba. Wannan ma'auni ɗaya ne kuma yake rusa tayinsa: dinarin Sulaiman na shekara 1,300 da suka wuce ya fi nauyin gwal ɗinsa daraja, saboda haka farashin sikeli ba tayin adalci ba ne.

Rubutun "ba a dawo da kaya" kada ya tsorata ka ƙwarai. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta hana siffanta kaya ta hanyar da za ta ɓatar da mai saye, kuma ba ta yarda a goge haƙƙinsa da layi ɗaya a ƙasan rasit ba, balle rasit ɗin da aka miƙa bayan an gama ciniki. Amma kariyar tana ga wanda ya saya don kansa. Idan don ka sayar ka ci riba ka saya, za a ce kai ɗan kasuwa ne kamarsa. Kana iya kai koke hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ko ta jiha, LASCOPA, ko da yake su ma sau da yawa teburin sasanci suke fara kiran mutane.

Kotu tana nan. A 2018 Legas ta kafa kotun ƙananan basussuka domin karɓar da'awar kuɗi tsayayye har naira miliyan biyar, amma rigimar da sai an kira gwani ya yi bayanin haƙoran haruffan Kufi ba lallai ta zauna daidai a can ba. Kotun majistare za ta iya ji. Za ka biya lauya, ka nemo gwani, wataƙila daga wajen ƙasar, ka haɗa takardar shaidar da sashe na 84 na dokar shaida ke nema kafin a karɓi saƙonnin waya. Ka lissafa wannan ka gwada da tazarar farashin da muke magana a kai.

Ni dai da ni ne, sasanci zan bi. Lauya ya rubuta masa takarda mai sanyi amma mai haƙori: ga abin da ka rubuta, ga abin da aka gano, ga kwana goma sha huɗu. A ba shi zaɓi biyu, ko ya karɓi dinarin ya dawo da kuɗin, ko da a biya biyu ko uku, ko kuma ka riƙe shi ya rage maka wani abu da za a amince a kai bayan gwani ya kimanta. Ku biyun 'yan kasuwa ne a gari ɗaya, gobe ma za ku haɗu a masallaci ko wajen ɗaurin aure. Shugabannin masu gwal na kasuwarsa, ko fadar Sarkin Hausawa, sukan kashe irin wannan wuta a zama ɗaya, domin mai sayar da gwal ba abin da yake tsoro kamar a ce maganarsa ba ta da nauyi. Idan kun fi son malamai su duba ta fuskar fiƙihu, babin zaɓin mayar da kaya saboda saɓawar siffa sananne ne, amma Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, don haka sai da yardar ku biyu. In hakan ya ƙi, akwai cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'a, kyauta ce, akwai kuma cibiyar sasanci ta babbar kotu da aka buɗe a 2002, inda yarjejeniyar da alƙali ya sa wa hannu take zama kamar hukunci. Duk inda aka daidaita, a rubuta, a sa hannu da shaidu.

Wani abu a gefe: ka tambaye shi takardun asalin tsabar. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta a 2015 cinikin kayan tarihi da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba daga Siriya tun 2011 da Iraƙi tun 1990, kuma manyan dillalan waje sukan nemi tarihin kaya kafin su saya. Ban ce naka yana ciki ba, amma rashin takarda zai shafi farashinsa duk ranar da ka so rabuwa da shi.

Kafin mu zauna, ka ɗauki hoton fuskokin dinarin biyu da gefensa a haske mai kyau, ka auna shi, ka nannaɗe shi ka ajiye, kada kowa ya sake gogawa. Kada ka goge ko saƙo ɗaya a wayarka, har waɗanda kake ganin ba su taimake ka ba. Ka kuma daina kiransa ɗan damfara a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa, domin ɓata suna ma ƙara ce, kuma tasa za ta fi taka sauƙin tabbatarwa. Yau ɗin nan ka tura masa saƙo gajere cewa ba ka amince da kayan ba saboda sun saɓa wa siffar da ya bayar, kuma suna nan a shirye ya karɓa. Ka zo min da rasit ɗin na asali.