Kada sauƙin Disamba ya ruɗe ka

Ƙanena, assalamu alaikum. Ya mutanen gida? Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da ka samu gurbin karatu a Jami'ar Jihar Dakota ta Arewa, a nan garin Fargo na Amurka, Allah ya sanya albarka. Ka ce ka ga bidiyon mutane a nan cikin Disamba suna yawo da 'yar rigar sanyi, ƙasa a bushe babu dusar ƙanƙara, shi ne kake tambaya ko ka zuba kuɗin kayan sanyi a na haya, tunda ka yi zaman Jos ka san sanyi.

Abin da ka gani gaskiya ne. Bana hunturu ya shigo da sauƙi, mutanen gari sai murna suke yi, manoma kuwa suna tunanin ƙasar da ba ta samu rufin dusar ƙanƙara ba. Amma don Allah kada ka taɓa kuɗin nan.

Da farko, idan ka ji Ba'amurke ya ce yau digiri 40 ne, ba 40 ɗinmu na watan Afrilu yake nufi ba. Ma'aunin Farenhait suke amfani da shi, wanda a digiri 32 ruwa ke daskarewa. Wannan 40 da suke kira ɗumi, a ma'auninmu na Salshiyas kamar digiri 4 ne. Ita ce ranar da suke fita ba hula. A Janairu kuwa, lokacin da za ka sauka, daren yau da kullum a Fargo yana kaiwa wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'auninmu, ba tare da an lissafa iska ba.

Iskar ita ce maganar. Garin nan a kwarin kogin Red yake, fili ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba dutse. Duwatsun Rocky daga arewa zuwa kudu suka miƙe, can yamma da mu, saboda haka babu abin da ke tare iskar da ta taso daga ƙuryar arewacin Kanada. Idan iska ta biyo ta yamma, daga wajen tekun Pasifik, sai a samu sauƙi irin wanda ka gani. Ranar da ta juya ta arewa, dare ɗaya ya isa. Shekarun da ruwan Pasifik ya yi ɗumi, abin da ake kira El Nino, sukan zo mana da hunturu mai sauƙi. Haka aka yi a 2023: ba a taɓa rubuta Disamba mai ɗumi kamarsa ba a jiharmu da maƙwabciyarmu Minnesota. Amma a makon Kirsimetin shekarar aka yi ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa abu, ya karya turakun lantarki ya bar gidaje cikin duhu. Tsakiyar Janairun 2024 kuma sanyi ya wuce 30 ƙasa da sifili a yammacin jihar.

Mutanen yankin nan sun daɗe da sanin halin ƙasarsu, kuma da tsada suka koya. Ranar 12 ga Janairun 1888 gari ya waye da ɗumi, yara suka tafi makaranta ba tare da manyan riguna ba. Kafin yamma guguwar dusar ƙanƙara ta rufe filayen Dakota da Nebraska, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Sama da mutum 200 suka mutu, da yawansu 'yan makaranta a hanyar komawa gida. A shekara guda, 1936, jihar nan ta ga 51 ƙasa da sifili a Parshall cikin Fabrairu, ta kuma ga zafin digiri 49 a Steele cikin Yuli.

Akwai abin da ya fi damuna. Kanada ba nisa daga nan, kuma za ka ji masu cewa ana tsallakawa a ƙafa ta gonaki. A Disambar 2016 wasu 'yan Ghana biyu suka bi ta nan zuwa Emerson a lardin Manitoba. Sun rayu, amma sanyi ya cinye musu yatsun hannu. A Janairun 2022 aka tsinci gawar iyali guda 'yan Indiya, miji da mata da yara biyu, dab da kan iyakar. Duk wanda ya kawo maka wannan shawara, ko rana na haskawa, ka rabu da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, to ga yadda za ka yi. Daga gida ka taho da dogayen safa masu kauri, da hular sanyi mai rufe kunne, da wando da riga masu kama jiki na sakawa a ciki. Babbar rigar da takalmin but ka bari sai ka zo, domin na nan don wannan sanyin aka ɗinka su, kuma akwai shagunan gwanjo masu araha. Safar hannu ka nemi wadda ke haɗa yatsu huɗu wuri ɗaya, ta fi riƙe ɗumi. Idan sanyi da iska suka haɗu suka kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, wato jiran bas kaɗai ya isa. Bayan alwala ka goge jikinka sosai kafin ka fita. Wajen kama ɗaki ka tambaya ko kuɗin hita yana cikin haya, wannan tambayar tana da muhimmanci ga aljihunka. Ka kuma shirya wa gajartar yini, a ƙarshen Disamba kafin ƙarfe biyar an yi magariba, kuma duhun yana taɓa zuciyar baƙo, sai ka riƙa zuwa masallaci kana shiga cikin mutane.

Ba tsorata ka nake yi ba. Muna nan muna karatu muna aiki, gidaje da azuzuwa da motocin bas duk da ɗumi a ciki. Ka turo min ranar tashinka da lambar jirgi, in sha Allah zan tarbe ka a filin jirgin Hector da babbar riga, ka saka kafin ka fita ƙofa. Ka gaida su Baba.