Ƙananan sifiku biyu zan fara da su, me zan duba kafin in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina son haɗa kayan sauti a falona amma ba halin sayen komai lokaci ɗaya, so nake in riƙa saye kaɗan-kaɗan. Wani ya ce in fara da ƙananan sifikun nan guda biyu da ake ɗorawa a kan kanta, daga baya in ƙara sabwufa (sifikar da ke fitar da bas mai zurfi) da sauran. Kiɗa nake ji da kallon fim, falon kuma matsakaici ne. Me zan duba, kuma wat nawa ya kamata su zama?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya ba ka shawarar nan ya san abin da yake yi, ka riƙe ta. Sai dai batun wat ɗin ka ɗan ajiye shi tukuna, don a cikin duk lambobin da ke jikin kwali ita ce ta fi ruɗin mutane kuma ita ce ta fi ƙarancin amfani.

Tunda a hankali za ka gina, abin da za ka fara tambayar kanka shi ne, sifikun nan biyu ina za su koma ranar da kayan suka cika? Ko dai su zauna a gaba, hagu da dama, har abada, ko kuma idan ka samu halin sayen manya na tsaye ka mayar da su baya su zama na kewaye. Duk wanda ka zaɓa ba a yar da su, shi ya sa nake cewa mafi yawan kuɗin zagayen farko a kansu ya kamata ya tafi, amfilifaya matsakaiciya ta ishe ka yanzu. Sifika mai kyau da amfilifaya mai sauƙi za su ba ka sauti mai daɗi, amma amfilifaya mai tsada ba ta gyara sifika mara kyau.

Daga nan sai ka guji sifika mai amfilifaya a cikinta, wadda ake ce wa aktif. Ba wai ba ta da kyau ba ne, ga mai tebur da kwamfuta ma ita ta fi, amma kai da kake son ƙara sifikar tsakiya da na baya nan gaba za ta ɗaure maka hannu. Ka ɗauki wadda sai an ja mata waya daga amfilifaya, in kuma fim na cikin lissafi to tun yanzu risiba, wato amfilifayar da ke rarraba sauti ga sifiku da yawa, mai tashoshi biyar da mafitar sabwufa za ka nema, ka yi amfani da tashoshi biyu, sauran su jira.

Wani abu da mutane ke mantawa sai sun zo sayen ta tsakiya: ita ce ke ɗauke da yawancin maganar 'yan fim, kuma in muryarta ta bambanta da na gefe za ka ji mutum na tafiya daga hagu zuwa tsakiya muryarsa na canjawa. Don haka ka sayi sifikun daga jerin da kamfanin ya yi masa ta tsakiya, kamar jerin Debut na ELAC, ko Diamond na Wharfedale, ko Q na KEF, haka Polk da Q Acoustics da Klipsch duk suna yin cikakken jeri. Kuma kar ka bari ta tsakiyar ta daɗe, kamfanonin nan bayan 'yan shekaru suna sauya jeri, sai ka dawo ka tarar sabuwar tuwitarta (ɓangaren da ke fitar da siririn sauti) daban.

Lambobi biyu ne na gaske. Ta farko om, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, galibi 4 ko 6 ko 8. Mai om 4 ta fi jan wuta daga amfilifaya, ƙaramar risiba na iya yin zafi ta kashe kanta in ka ƙure, saboda haka in ba ka tabbatar amfilifayarka na ɗauka ba tsaya kan 6 ko 8. Ta biyu ita ce ƙarfin sautin da take fitarwa da wuta kaɗan, ana auna shi a nisan mita 1, ƙananan sifiku yawanci tsakanin desibel (ma'aunin ƙara) 84 zuwa 90 suke. Bambancin kamar ba komai amma kowane desibel 3 ninkin wuta ne, wato mai 85 sai ta sha wat 100 kafin ta yi ƙarar da mai 88 za ta yi da wat 50. Shi kuwa wat ɗin da aka rubuta a jikin sifika ba ƙararta yake nufi ba, abin da za ta iya jurewa ne kawai. In ka ga an rubuta PMPO (lissafin wat na talla) da wasu dubban wat, wuce abinka, RMS ake dubawa, wato wat ɗin da take ɗauka a kai a kai. Kuma abin da ke yawan ƙona tuwita shi ne ƙaramar amfilifaya da aka murɗa har sauti ya fara tsagewa, da ka ji ya fara kaushi ka rage.

Batun bas kuma kar ka sa ran abin da ba zai yiwu ba. Tun 1954 da Edgar Villchur ya fito da rufaffen akwati a Amurka aka fara samun bas mai zurfi daga ƙaramar sifika, amma da sharaɗi, wanda injiniya Anton Hofmann ya bayyana: ƙaramin akwati, bas mai zurfi, da ƙara da wuta kaɗan, biyu kawai za ka samu cikin ukun. Mai wufa (ɓangaren da ke fitar da bas) inci 5 ko 6.5 za ta sauka wajen haz 50 zuwa 60 (haz ma'aunin sauti ne, ƙanƙantar lambar zurfin bas ɗin), ƙasa da haka aikin sabwufa ne. Ni a ganina tunda sabwufar ba yau za ta zo ba, ɗauki mai inci 6.5 don ka ji daɗin kiɗa kafin lokacin, in ta iso sai ka sa risiba ta yanke a haz 80, duk abin da ke ƙasa ya tafi wajenta, a nan za ka ji ƙananan sun ƙara tsabta don an sauke musu kaya.

Duba bayan sifikar kafin ka biya. In ramin iska a baya yake tana son tazara da bango, ko da santimita 30 ne, in ka manna ta bas ɗin zai kumbura ya rufe murya. In dole a cikin kanta za ta zauna to nemi mai rami a gaba ko rufaffiya, ka jawo ta bakin kantar. Ko da yake gaskiya a kan ƙafafun ƙarfe sun fi yin sauti, tuwita daidai kunnenka in kana zaune, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta yi daidai da nisanka daga kowacce, ka ɗan karkato su wajenka.

In da hali ka saurara kafin ka saya, da waƙoƙin da ka sani sosai, kuma ka daidaita ƙarar waɗanda kake gwadawa don kunne kullum mai ƙara yake zaɓa. Klipsch misali da tuwitarta mai siffar ƙaho tana da ƙara da kaifi, wasu na sonta a fim wasu kuma tana gajiyar da su in an daɗe, don haka ka zauna ka ji sosai, kar ka yanke hukunci da minti biyu. Waya kuwa ta tagulla zalla mai ɗan kauri, lamba 16 ko 14, ta wadatar, ka dai tabbatar ja ya tafi ja baƙi ya tafi baƙi a duka biyun, in ka juya guda ɗaya bas ɗin zai ragu sosai ka zaci sifikar ce.