Daga get zuwa bakin ƙofa zaure ne, amma filin baya cikin gida ne

Wa alaikumus salam Malam. Sannunku da zuwa, yaya baƙunta, yaya sanyi? Ka ce wata biyu ke nan da ka kama haya a nan Ingila, gida mai ɗan ƙaramin get da farfajiya a gaba, kullum mai raba wasiƙa sai ya turo get ya shigo babu sallama. Ran nan kuma ya bi ta lungun gefe ya ajiye ƙunshi a filin baya, ya tarar da uwargida tana shanya ko ɗankwali babu a kanta. Kana tambaya ko wannan kutse ne, ko ka kira 'yan sanda, ko kuwa ka datse get da kwaɗo ka huta.

Shekara tara na yi ina aikin raba wasiƙa a Birmingham, jaka a kafaɗa, ruwa da iska, kafin gwiwa ta ce ta gaji. To bari in ba ka abin da na gani da idona.

Da farko ka yi wa uwargida sannu. Ba ƙaramin abu ba ne mace ta ɗago kai a inda ta saki jiki ta ga ƙato tsaye. Mu da muka tashi muna ganin "Ba shiga" rubuce da fenti a ƙofar zaure, muka san namiji baligi ba ya wuce soro sai an yi masa iso, dole abin ya sosa mana rai. Addini ma ya koya mana neman izini da sallama, in an nema sau uku ba a amsa ba a juya. Ga shi kuma a gida ba mu saba da mai kawo wasiƙa har ƙofa ba. Ni dai a Zariya akwatin gidan waya mahaifina yake da shi, ran Asabar ya ba ni ɗan makulli in hau keke in je in duba. Don haka ranar da na fara aiki aka haɗa ni da wani tsohon ma'aikaci ya nuna min hanya, sai na tsaya a get na farko ina ƙwanƙwasawa. Ya dube ni ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in haka zan yi, gidajen da ke layinmu sai dare ya same mu ba mu yi rabi ba.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne, get ɗin nan naka ba shi ne labulen cikin gida ba. Ƙofar zaure ce da aka bari a buɗe. A dokar Ingila, muddin get ba a kulle yake ba, kuma babu sanarwar hani, ana ɗauka ka riga ka ba duk mai halastacciyar buƙata izini ya taka hanyar nan ya zo bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa, ko da ba ka taɓa furta hakan ba. Wannan ya fito fili a shari'ar Robson da Hallett ta 1967. Ba ma a kan mai wasiƙa aka yi ta ba, 'yan sanda ne suka je wani gida bincike rikici ya ɓarke. Kotu ta ce zuwansu bakin ƙofa ba kutse ba ne, maigida yana da ikon janye izinin, amma in ya janye sai ya ba mutum lokacin da zai iya ficewa. A ƙarƙashin wannan inuwar muke fakewa mu duka: mu, da mai kawo madara, da mai neman ƙuri'a, da maƙwabcin da ƙwallon ɗansa ta faɗo. Ga gidanka kuma an huda ƙofa an yi kafar zura wasiƙa. Wanda ya yi kafar nan ai ya gama gayyata.

To amma izinin yana da iyaka, kuma nan ne kake da gaskiya. Izini ne na zuwa ƙofa ta hanyar da aka saba, a yi abin da ya kawo mutum, a juya. Bai haɗa da leƙa taga ba, bai haɗa da buɗe ƙyauren gefe a zagaya baya ba, sai in kai ka ce a yi. Ko ratsa ciyawar wani don ka yanke zuwa gidan maƙwabci, manajanmu hana mu yake yi, don akwai tsofaffin da ke ji da fulawarsu kamar yadda manomi ke ji da gonar albasa, kana taka ganye ɗaya za a bugo waya ofis. Saboda haka shigowarsa ta kullum ba laifi, amma zagayawar ran nan ya wuce gona da iri, in dai babu wanda ya ba shi izini.

Na ce "in dai" ne don na san yadda abin ke faruwa. Akwai wata dattijuwa a layina, ba ta jin ƙwanƙwasa, ita da bakinta ta ce duk ƙunshin da ya fi ƙarfin kafa in zagaya in sa mata a 'yar rumfar da ke baya. Shekara kusan uku ina haka. Na tafi hutu na dawo, ashe ta koma wurin 'yarta, wasu sun tare. Na buɗe ƙyauren baya kamar yadda na saba, sai ga wani mutum da rigar barci riƙe da kofin shayi, mun yi cirko-cirko. Ban san lokacin da na fara ba shi haƙuri da Hausa ba. Don haka kafin ka ɗau zafi ka bincika abu biyu. Wataƙila wanda ya bar gidan ne ya saba masa. Ko kuma lokacin da kuke sayen kaya ta intanet wani a gidan ya cike wurin da ake tambaya ina za a ajiye in ba kowa, ya rubuta filin baya ya manta. Ka kuma tabbatar ɗan gidan waya ne da gaske. Yanzu kamfanonin kai kaya sun yi yawa, mutane duk wanda suka gani da ƙunshi sai su ce mu ne. Dubi takardar da ke manne a jikin kayan, sunan kamfanin na nan.

Batun 'yan sanda kuwa, kada ka wahalar da kanka. A Ingila da Wales shiga filin mutum ba izini, shi kaɗai, ba laifi ba ne irin wanda hukuma ke kama mutum a kai. Magana ce tsakaninka da shi, sai dai ka shigar da ƙarar neman diyya ko umarnin hana shi dawowa, kuma wace asara za ka nuna wa alƙali a kan minti ɗaya da aka yi ana ajiye maka kayanka? Allunan nan da za ka riƙa gani masu barazanar gurfanar da mai kutse, yawanci kurin banza ne, lauyoyi ma dariya suke musu. Sai an haɗa da wani abu, kamar fasa gida da niyyar sata, ko ɓarna, ko tsangwama a kai a kai, sannan ya zama na hukuma. Ko a gida ai dokar hukunta laifuka ta Final Kot ba ta kama mutum don ya taka fili kawai, sai da niyyar aikata laifi ko tsoratarwa ko cin zarafi ko muzgunawa. Scotland tsarinsu daban ne, ban sa su a ciki ba.

Kwaɗo fa? Kana da iko, gidanka ne. Kana kullewa ka janye izini, babu mai tsallake maka katanga. Sai dai ka sani mai raba wasiƙa ba zai tsaya yana kiran sunanka ba. Zai mayar da ita jaka ya rubuta babu hanyar shiga. Ko jan katin nan da ake bari don ka san kana da saƙo a ofis, babu inda zai zura shi. Kayan da aka mayar kwana 18 suke yi a ajiye, daga nan a koma da su wurin mai aikowa. Kai kuma sabon zuwa ne, rayuwarka a ƙasar nan rabinta a cikin ambulan take: ranar ganin likita, katin banki, harajin ƙaramar hukuma, lasin tuƙi, tarar mota wadda galibi in ka biya da wuri rabi ce, in ka makara ta cika. Na san wani ɗan'uwanmu da ya kulle get wata guda saboda yara na fita titi, ya yi asarar ranar asibitin da ya daɗe yana jira. Doka ta wajabta wa Royal Mail, wato kamfanin gidan waya, kai wasiƙa kowane adireshi a ƙasar, hukumar sadarwa ta Ofcom ke sa ido, amma wajibcin yana faɗuwa inda babu hanya ko inda ran ma'aikaci ke cikin haɗari.

Wanda ya kawo mu maganar kare, don na ga wani ya ba ka shawarar ka ajiye shi ya yi maka gadi. Malam, kada ka soma. Ajiye batun malamai da hukuncin kiwonsa a gefe, doka kaɗai ta ishe ka. A da, dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ba ta aiki in cizon ya faru a cikin harabar mai karen, sai ka ga an yage wa ma'aikaci ƙauri babu abin da aka yi. Ƙungiyar ƙwadagonmu, CWU, ta yi shekaru tana fafutuka, a watan Mayun 2014 aka gyara. Yanzu in karenka ya ji wa mutum rauni a farfajiyarka ɗaurin na iya kai shekara 5, in ya kashe shi shekara 14. Sassaucin da aka yi wa masu gida na ɓarawon da ya shigo ko yake ƙoƙarin shiga cikin ginin ne, bai shafi fili ba. A 2020 kuma Babbar Kotu ta yanke cewa yatsun da mai raba wasiƙa ya zura ta kafar ƙofa ba kutse ba ne, in kare ya cije su mai shi zai amsa. Duk shekara Royal Mail na ƙirga hari wajen 2,000 a kan ma'aikatansa. Ni nawa a babban yatsan dama ne. Ƙaramin kare ne da bai wuce mage ba, bai yi haushi ba, yana laɓe a bayan ƙofa. Na ji an ja hannuna ciki kamar an datse da filaya. Tun daga ranar ban sake zura wasiƙa ba sai da ɗan maƙalen roba da ake ba mu, kuma har yau in sanyi ya yi wurin yana min zugi. Gidan kuwa an dakatar da kai musu wasiƙa, sai da suka sa ragar ƙarfe a bayan ƙofa.

Akwai ma wani nauyi a kanka da ba lallai mai gidan haya ya gaya maka ba. Tunda doka ta ɗauki mai raba wasiƙa baƙo halastacce, dokar 1957 ta ɗora wa wanda ke riƙe da gida kula da lafiyar masu shigowa gwargwadon hali. Matakalar da ta tsage, tiyon ruwa da aka bari a hanya, keken yara a kwance cikin duhun hunturu, in ya faɗi ya karye ana iya waiwayo ka. Matakalar dai ka sanar da mai gida a rubuce.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ƙyauren gefen nan da ke kai wa baya shi zan sa wa sakata ta ciki, irin wadda ake zarewa da hannu ba sai an nemi makulli ba saboda gobara. In manna ɗan allo da Turanci cewa ba a wucewa nan, a ajiye kaya a ƙofar gaba. Wannan allon shi ne "Ba shiga" ɗinka, kuma wannan karon doka na bayanka, don duk wanda ya wuce shi ya san ya wuce. In kana son ko farfajiyar gaba ma kada a shigo, sayi akwatin wasiƙa mai makulli ka kafa a jikin get ta waje, a rubuta lambar gida ɓaro-ɓaro, amma ka nemi izinin mai gida kafin ka huda masa bango. Ka kuma san tun 2012 an yarda mu bar wa maƙwabci kayanka in ba ka nan. In ba ka so, akwai 'yar takardar mannawa da ake nema a wurin Royal Mail kyauta, ka liƙa a ƙofa.

Amma kafin duk wannan, ka tare mai raba wasiƙar gobe da safe. Galibi mutum ɗaya ne ke riƙe da layi, wani ya yi shekara goma yana bin titi guda, ya san sunan kowa. Ka gaishe shi, ka ce iyalinka suna sakewa a baya, don Allah ya tsaya a gaba. Ba sai ka yi masa wa'azi ba, a garuruwan nan sun saba da gidajen Musulmi. Sai dai ranar hutunsa wani ne zai zo, shi ya sa za ka roƙe shi ya gaya wa manaja a rubuta a katin gargaɗin da ke wurin jera wasiƙun layinku, inda muke rubuta gidan da ke da kare da wanda matakalarsa ke santsi. In aka sake bayan haka, to ka kai ƙorafi a rubuce, da rana da lokaci da lambar da ke jikin ƙunshin, za su gano ko wane ne.

Akwai gidan wasu 'yan Sudan a layina da maigidan ya yi min irin wannan maganar tun makon farko da tarewarsu. Muka shirya in ƙunshi ne in danna ƙararrawa sau biyu, in ja da baya zuwa get, in ba ƙofa baya har a amsa. Wani lokaci yaro ne zai fito, wani lokaci hannu kawai zan gani ta bayan ƙofa. Shekara huɗu muna haka. Duk ƙaramar salla sai na tarar da 'yar leda rataye a mariƙin ƙofa, dabino da ƙananan kek, an rubuta "mai wasiƙa" a jiki da rubutun yara.