Duba yadda ake biya kafin ka zauna

Ka tambaya ko bambancin dokokin wasan kati na blackjack daga tebur zuwa tebur yana canza ribar gidan caca. Yana canzawa sosai, musamman yadda ake biyan blackjack ɗin kansa, wato idan katunanka biyu na farko suka haɗa 21. Idan ka sa 10, teburin 3:2 zai ba ka 15, na 6:5 kuwa 12 kacal. Wannan kaɗai yana ƙara wa gidan kusan kashi 1.4 cikin ɗari.

Sauran dokokin ba su kai haka nauyi ba. Idan mai rabon kati yana jan ƙarin kati a 17 mai ɗauke da katin A da aka ƙirga 11, ƙarin ribar gidan kusan kashi 0.2 cikin ɗari ne. Amma fa kashi 0.5 cikin ɗari da ake yawan faɗa cewa shi ne ribar gidan, na wanda ya haddace jadawalin lokacin jan kati da tsayawa ne. Ni da na fara, wasan ganin dama nake yi, kyawun tebur bai amfane ni ba.