Tambaya da Amsa: Haɗa ruwan wanke fim a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji tsohuwar kyamarar fim daga mahaifina, kuma da yake ruwan wanke fim na kamfani ya yi wuyar samu, sai na sayo sinadarai ina haɗa irin wanda ake kira D-76 da kaina a wani ƙaramin ɗaki. Tun bayan haɗi na uku yatsuna suke ƙaiƙayi, sun yi ja. Shin daga sinadaran ne, kuma me ya kamata in kiyaye?
Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda zai duba hannun ya tabbatar shi ne likitan fata, don haka ka je ka gan shi da sunayen sinadaran a rubuce. Amma abin da na fi zargi shi ne metol. Haɗin D-76, wanda kamfanin Kodak ya fitar a 1927, yana ɗauke da giram 2 na metol, giram 100 na sodiyum salfait, giram 5 na haidirokwinon da giram 2 na boraks a kowace lita. Metol ɗan kaɗan ne a cikinsu, sai dai ya daɗe da yin ƙaurin suna wajen masu wankin hoto, domin idan fata ta riga ta ƙi shi, yawanci ƙin ya zauna ke nan, ta yadda ko ɗigo ɗaya ya taɓa mutum daga baya sai ƙurajen su dawo. Shi ya sa nake roƙonka ka daina tsoma hannu tsirara tun yau, ka nemi safar hannu ta naitiral, wadda ake samu a shagunan sayar da kayan asibiti.

Mutane sukan ji tsoron ruwan da aka gama haɗawa, alhali lokacin awon garin ya fi haɗari, saboda a nan ne sinadarin yake da cikakken ƙarfinsa, kuma ƙurarsa tana shiga hanci da ido. Haidirokwinon, wanda mutanenmu suka fi sani a cikin mayukan bilicin, yana yi wa ido mummunar illa. Ka buɗe taga, ka kashe fanka har sai ka gama awo, ka sa tabaran kariya da takunkumin ƙura. Ka zuba ruwa mai ɗumi mililita 750, wajen digiri 50, ka jefa ɗan salfait kaɗan, ka narkar da metol gaba ɗaya, sannan sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ka cika lita da ruwan sanyi. Kada salfait ya haɗu da asid, har da ruwan tsayar da wanki, wato ruwa mai asid da ake tsoma fim a ciki don dakatar da aikin ruwan wankin, domin yana fitar da iska mai shaƙe numfashi, musamman ga mai ciwon asma.

Idan wata rana ka koma haɗin da ake sa sodar sabulu, ita ake zubawa kaɗan kaɗan cikin ruwan sanyi, ba a zuba mata ruwa, saboda tana ɗaukar zafi ta fantsama. Duk abin da ya shiga ido, a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a gida mai yara shi ne ajiya. Sabon D-76 kusan ba shi da launi, yaro ba zai bambanta shi da ruwan sha ba idan yana cikin gorar lemo. Ka sa shi a kwalba ta musamman, ka rubuta suna da kwanan wata, ka kulle a kabad. Cokali da kofin awo kuwa kada su sake komawa madafa.

Idan likita ya tabbatar metol ne, akwai haɗin Caffenol da ake yi da garin kofi mai narkewa, sodar wanki da bitamin C, wanda babu metol a cikinsa. Yana wanke fim baƙi da fari sosai, amma sodar wankin ma tana cin fata, saboda haka shi ma da safar hannu za ka haɗa shi.