Mun sabunta rumbun alamomi, amma tsofaffi na ci gaba da fitowa a zane

Tambaya: Injiniya, ni ke kula da masu zanen kamfaninmu, kowa na aiki da manhajar zane ta AutoCAD daga gida. Mun gyara alamomin lantarki suka dace da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60617, na zuba su a rumbunmu na intanet, na sanar da kowa. Sai ga wani zane ya isa hannun ɗan kwangila ɗauke da tsohuwar alamar kontak (mahaɗin da ke buɗe ko rufe layin lantarki) da muka riga muka gano kuskure ce. Hankalina ya tashi. Taurin kai ne ko me?

Amsa: Malam, tashin hankalinka na bisa hanya, amma kada ka yi saurin ɗora wa yaranka laifi. Abin da ya same ku kullum ina cin karo da shi: mutane sun ɗauka da zarar an gyara rumbu, zane ma ya gyaru. Sam ba haka ba ne.

Duk alamar da aka taɓa sakawa a fayil ɗin zane na DWG, kwafinta na zaune a cikin fayil ɗin. Mai zane zai kwafo sabuwa ya manna, idan sunansu ɗaya da ta ciki, AutoCAD zai yi watsi da sabuwar ya ba shi tsohuwar. Ɗan gargaɗi ne kawai zai gifta a layin umarni, wa ke karanta shi da sha biyun dare? Mai zanen ya yi abin da ka ce, kuma har ga Allah ya yarda sabuwa ce ya sa. Haka kontak mai zama a buɗe zai tsaya inda ake buƙatar mai zama a rufe, mai haɗa fanel kuwa abin da ya gani zai haɗa, ko da layin tsayar da inji na gaggawa ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa "ai mun yi CHECKSTANDARDS, komai lafiya." Wannan umarni leya (shimfiɗun zane) yake dubawa, da nau'in layi, da salon rubutu da na awo. Ba ruwansa da siffar alamominka. Ga kuma ɗabi'ar buɗe aikin bara a sauya masa suna a ci gaba, da kwaso alamomin kyauta daga shafukan da ba a san wa ya zana su ba. Ku daina, don Allah.

A kowane aikin da ke gudana, a shiga DesignCenter, wato tagar AutoCAD ta ɗauko alamomi daga wasu fayiloli, a sake ayyana alamar daga rumbu, sannan a ba da umarnin ATTSYNC don bayanan jikinta su bi sahu. Sabon aiki kuma daga samfurin zane (DWT) na kamfani kaɗai zai fara.

Rumbun ya zama mutum ɗaya ne ke da ikon gyara shi, saura karatu kawai. Kowane gyara a ba shi lamba da kwanan wata, lambar ta bayyana a akwatin bayanin zane, mai dubawa ya ƙi sa hannu idan ba ta dace ba. Turawa ta WhatsApp ko imel kuma a hana ta daga yau. Shi kuwa ɗan kwangilar, ka kira shi yanzu ka janye zanen kafin ya taɓa wayar lantarki.