Tambayi Anti Nas: Allurar da ake yi wa Mama a fatar ciki

TAMBAYA: Anti, salamu alaikum. Mama ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, aka yi mata aiki a wani asibiti nan Kumasi. Kullum da yamma sai an soka mata ƴar allura a fatar ciki, wai ta tsinka jini. Gwaggona ta dage cewa jininta za su ƙarar. Ga kuma matar gadon kusa da mu, sati biyu tana kwance, ba a taɓa yi mata ba. Wa aka yi wa daidai? Ƴarki daga Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya ba Mama lafiya. Ki faɗa wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta, allurar ba ta shan jini. Hefarin ce, galibi mai suna Clexane, aikinta hana jini yin guda.

Tafiya ce ke matsa naman sha-raɓa ya tura jini sama zuwa zuciya. In mutum ya kwanta kwana da kwanaki, sai jinin ya tsaya a jijiyar ƙafa ya daskare. Gudan nan in ya ɓalle, huhu yake nufa. Lokacin da nake aiki a ɗakin mata na asibiti, na ga wadda aka gama rubuta mata sallama, ta miƙe za ta yi alwala, numfashi ya sarƙe, shi ke nan. Har yau in na ga mai aikin ƙugu, ƙafarta nake fara dubawa.

Maƙwabciyarku kuwa, ba zan yanke hukunci daga nan ba. Mai gyambon ciki da ke zubar jini ba a yi masa, mai ciwon ƙoda kuma sai an auna. Amma kuma mantuwa tana nan, kar in ɓoye miki. Mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike a 2008 da aka yi a ƙasashe 32: cikin masu haɗarin daskarewar jini da aka kwantar ba don tiyata ba, kashi 40 cikin 100 kawai suka samu rigakafi. Likitocinmu sun karanta abin, yawan marasa lafiya ne ke shagaltar da su. Dangin maƙwabciyar su tambayi likita da safe in ya zo zagaye: "Dokta, an duba haɗarin daskarewar jini?" Ba rashin kunya ba ce.

Ranar sallamar Mama ki tambayi kwana nawa za a ci gaba, domin bayan aikin ƙugu akan kai kwana 35. Allurar akwai tsada, na sani, amma kar ku yanke da kanku. Ku riƙa motsa mata ƙafa, ku tayar da ita in an ba da izini. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kar Gwaggo ta kira mai tausa, kar a gasa da ruwan zafi. In Mama ta ce ƙirji, ko numfashi ya ƙi, ku ɗauki tasi zuwa ɗakin gaggawa na asibitin Komfo Anokye ko da tsakar dare ne.